Takardun Jangwada

Sau uku Musaddiƙ, mai kula da na'urori, yana tura kaset ɗin cikin bakin na'ura, sau uku tana tofo shi. A karo na huɗu ta haɗiye, ta yi wani ƙugi, allon talbijin ya cika da dishi-dishi, sai kuma warin ƙonanniyar roba ya tashi. Ya yi maza ya zare waya daga bango. Da ya buɗe murfin, zaren kaset ɗin ya fito a cukurkuɗe, fari fat da fumfuna.

"Hajiya, wannan kam ya riga mu gidan gaskiya," in ji shi, yana share hannu a jikin wando. "Shi ne na ƙarshe. Mutanen gidan talbijin kuma sun ce tun da suka canza gini ba su san inda nasu ya shiga ba."

Mu'minat ta karɓi kaset ɗin ta juya shi. A jikin takardar da aka manna akwai rubutun mahaifinta da jan biro, ya koɗe amma ana iya karantawa: Jangwada Ya Je Kasuwa, 1995.

Duk wanda ya yi yarinta a ƙasar nan cikin shekara talatin da suka wuce ya san Jangwada, ƙadangaren nan mai jan kai da ba ya musu da kowa, sai dai ya gyaɗa maka kai sau uku ya je ya yi abin da ya ga dama. A nan Kazaure aka haife shi, a Gidan Zane na Tsauni, wanda yau yake da ma'aikata arba'in da kwamfutoci jere da bango. Tarihin gidan kuwa ko masu gadi sun haddace shi. Malam Zaharadeen, malamin zane a wata sakandare, ya gaji da ganin 'ya'yan Hausawa suna dariya a kan katun ɗin da ba sa jin yarensa. Sai ya kama wani shago a gindin dutse, ya ciro gilashin taga ya ɗora a kan akwati, ya sa fitila a ƙasa, ya zauna shi kaɗai wata tara yana zana takarda kusan dubu uku da hannunsa, har ɗan yatsansa ya karkace. Daga nan ya kai su Kano aka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, suka zama fim na minti shida. Haka 'yan jarida suke faɗa, haka ɗalibai suke rubutawa. Haka ita ma Mu'minat, da take shugabantar gidan yanzu, ta rubuta a ɗan littafin da za a raba ranar bikin cika shekara talatin, saura sati uku.

Ba bikin ne ya hana ta sukuni ba. Hawan jinin ido ya riga ya cinye wa mahaifinta idon hagu, na dama kuma saura wata 'yar kafa da yake leƙen duniya ta cikinta. Likita ya faɗa mata a asibiti, ba tare da kwana-kwana ba, cewa kafar tana rufewa, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Da ta tambayi tsohon abin da yake so a yi masa ranar bikin, cewa ya yi, "Ba na son jawabi, ba na son lambar yabo. Ku nuna mini Jangwada na farko in gani tun da sauran ido." Ita kuwa ta ce masa an gama. Baki shi ke yanka wuya.

"Takardun fa?" Musaddiƙ ya tambaya. "In suna nan, ai sun fi kaset. Sati biyu ya ishe mu mu ɗauke su da na'ura mu jera."

Sai a lokacin ta tuna. Daminar da iska ta yaye rufin tsohon shagon, mahaifinta ya ɗauki hayar akori-kura ya kwashe buhunan takardu zuwa Gwiwa, gidan yayarsa Inno, don a ajiye na wata biyu. Wata biyun nan yau shekara goma sha takwas ke nan. Ta ɗauki makullin mota da mayafinta, ko shayin da aka haɗa mata ba ta waiwaya ba.

Kaka ta shigo, gero ya sunkuya a gonaki, an fara jera dammuna a bakin hanya. Ranar kasuwar Gwiwa ce, don haka tun daga nesa babura da kekuna suka cika titi, wannan da akuya a gaba, wancan da buhu biyu a baya da mutum a kan buhun. Mu'minat ta rage gudu tana bin su a hankali. Ranta fari ƙal, har tana ƙiyasta yadda za ta zaunar da mahaifinta daf da allo, ta kashe fitilu, ta ce a fara.

Ta tarar da Goggo Inno a tsakar gida tana tsince wake a faifai. Tsohuwar ta haura tamanin, amma idonta tar, bakinta kuma ya fi idon kaifi.

"Wa nake gani kamar 'yar ƙadangare? Yau hanya ta ɓace miki ne?"

Mu'minat ta durƙusa ta gaishe ta. Aka tambayi gida, aka tambayi aiki, aka tambayi idon Zaharadeen. Sai da ta sha fura da nono rabin ƙwarya, Goggo na tsaye a kanta, kafin aka ba ta damar faɗin abin da ya kawo ta.

"Goggo, buhunan takardun nan na Baba na zo ɗauka."

"Oho, waɗannan. Ai babu sauran buhu, gara ta cinye su tun tuni. Amma takardun na kimtsa su. Zo ki gani."

Ta shige gaba zuwa wani ɗaki a ƙarshen gida, ta nuna wata tsohuwar adaka ta ƙarfe da aka ɗora a kan duwatsu huɗu. Mu'minat ta buɗe. Ƙamshin ganyen darbejiya ya buso, Goggo ta shimfiɗa shi sama da ƙasa saboda ƙwari. Ga takardu nan ɗauri-ɗauri, an ɗaure kowanne da tsumma. Ta kwance na farko. Ga Jangwada nan da fensir, ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya karkata kai. Ta danna gefen ɗaurin da babban yatsa ta sake shi a guje, kamar yadda aka koya mata tun tana firamare, ƙadangaren ya fara tafiya. Amma tafiyar tana da ɗingishi. Sai ya yi taku, sai ya yi tsalle a inda babu tsalle.

Ta duba lambobin da ke kusurwar ƙasa. Biyu, uku, huɗu. Shida, bakwai, takwas. Goma, sha ɗaya, sha biyu. Babu ɗaya, babu biyar, babu tara. Ta kwance ɗauri na biyu da na uku, duk haka.

Wanda bai san aikin ba zai ce ai kaɗan ne suka ɓata. Ita kuwa ta san abin da aka rasa. A wannan sana'a babban mai zane shi ke zana manyan motsi, inda taku ya fara da inda ya ƙare, su ake kira ginshiƙai. Sauran takardun da ke tsakani ciko ne, su ke sa motsin ya tafi sumul. Ginshiƙan ne babu, ko guda.

"Goggo, akwai wata adakar?"

"Ita ke nan."

"To ina sauran? A kowace huɗu an cire ɗaya."

"Au, masu sunan Allah kike nufi? Ai waɗannan na sallame su."

Mu'minat ta ɗago ta dube ta.

Goggo ta jingina da ƙofa, ta shiga bayani a natse, irin na wanda ya san ya yi abin kirki. Shekara takwas da suka wuce ta shigo ɗakin ta tarar gara ta huda buhunan, takardu sun zube a ƙasa, ɓeraye sun mai da su makewayi. Tana cikin tattarawa sai ta ga Bisimilla a saman wata, da rubutun ƙanenta. Ta ɗauki wata, ita ma haka. Ɗabi'arsa ce tun yana yaro, ko wasiƙa zai rubuta sai ya fara da ita a saman takarda. To ita Inno ba za ta kwana a gidan da sunan Allah yake kwance cikin kashin ɓera ba. Kwana uku ta yi ita da surukarta suna warewa, masu suna gefe guda, marasa suna gefe guda. Ta aika aka tambayi liman, ya ce in sun ɓaci a ƙone su a wuri mai tsarki a binne tokar. Ta share gindin ɗorawar bayan gida, ta yi alwala, ta ƙone su da hannunta, ta binne.

"Duka, Goggo? Har waɗanda ba su ɓaci ba?"

"To in bar su ɓera ya dawo? Duka. Waɗannan da ba su da suna kuwa na ce ba su da wani hakki a kaina, amma tun da ajiya ce sai na zuba su a adakar aurena. Ɗauri ɗaya na taɓa, ranar da itace ya jiƙe, shi ma 'yan kaɗan na zara."

"Ba ki faɗa wa Baba ba."

"In ce masa me? Na yi shara?"

Mu'minat ta zauna a kan dutsen da ke ƙofar ɗakin. Ranta ya ɓaci matuƙa, amma ta rasa wanda za ta ɗora wa. Ba za ka ce da tsohuwa ta yi laifi don ta girmama sunan Ubangijinta ba. Ta sake jawo takarda ɗaya tana kallo don kada hawaye ya zubo a gaban Goggo. Sai wata tambaya ta faɗo mata, wadda ya kamata ta yi tun farko.

"Goggo, in Baba ba ya fara takarda sai da Bisimilla, me ya sa waɗannan ba su da ita?"

"Yo ai ba nasa ba ne. Na Julius ne."

"Wane Julius?"

"Julius nawa kika sani? Mai rubuta allon shaguna, na bakin tashar Kazaure, mijin Dinatu. Shi Kirista ne, me zai kai shi rubuta Bisimilla? Dubi ƙasan takardar, yana sa 'yar ƙugiyarsa."

Ta duba. A gefen kowace lamba akwai ƙaramin harafi, J, siriri kamar sawun tururuwa. Ta san Baba Julius sarai. Dogon tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare, kullum rigarsa da ɗigon fenti. In sun wuce ta gaban shagonsa a mota mahaifinta kan ɗaga masa hannu, shi ma ya ɗaga, amma ba ta taɓa ganin an tsaya ba.

"A lokacin ina Kazaure, ni nake yi musu tuwo," in ji Goggo. "Ke kina shekara uku, ba abin da kika iya sai cin fensir. Yaron nan daga kudancin Kaduna ya zo, a zaurenmu ya yi wata tara. Ubanki ya zana ɗaya, shi ya zana uku. Da abin ya fito a talbijin muka taru a gidan maƙwabta muna kallo, aka rubuta suna a ƙarshe, na ubanki kaɗai. Julius ya kalla, ya ce sai da safe. Washegari ya kwashe buroshinsa ya koma tasha."

"Faɗa suka yi?"

"Ina fa. Da faɗa suka yi ai da tuni sun shirya."

Surukar Goggo ta taya ta kai adakar bayan mota. Kafin ta tafi Mu'minat ta zaga ta ga ɗorawar. Babu wata alama, sai ciyawa da kaji biyu suna tono. Goggo ta cusa mata ƙullin daddawa da kwalbar man shanu ta kai wa Zaharadeen, ta ce a gaya masa ya daina karatu a duhu.

A hanya ta tsaya gefen wata gonar riɗi ta kira Musaddiƙ ta faɗa masa komai.

"Hajiya, abin bai ɓaci ba," ya ce. "Kashi uku cikin huɗu na hannunmu. Yaranmu biyar in suka zauna, kwana goma sun cike gurbin. Harafin nan kuma na ƙasa, ai gefen takarda ba ya fitowa a allo. Malam da idon da yake da shi yanzu ba zai bambance ba. Zai ga Jangwadansa, ya ji daɗi, shi ke nan."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba da mugun nufi ba. Ta zauna riƙe da sitiyari tana kallon riɗin da aka jingina yana bushewa. Hanya ce mai sauƙi. Ba wanda zai ji kunya, littafin biki zai fita yadda yake, tsoho zai ga abin da ya roƙa. Amma ita ce za ta tsaya a gaban jama'a ta karanta cewa shi kaɗai ya zana, alhali adakar tana ofishinta. Ta ji ba za ta iya ba, kuma ta ji haushin mahaifinta da ya sa ta a wannan hali.

"An kai littafin wurin masu bugawa?"

"Gobe da safe."

"Kada a kai tukuna."

Bayan la'asar ta iso gida. Malam Zaharadeen yana zaune a kujerarsa ƙarƙashin rumfa, da babbar riga ruwan toka da hula, rediyo a gefe yana magana a hankali. Ya juyo da dukan fuskarsa wajen motsinta, kamar yadda yake yi tun da idon ya ƙuntata. Ta gaishe shi, ta isar da saƙon Goggo, ya yi dariya a kan zancen karatu a duhu. Sannan ta ɗora masa ɗauri ɗaya a cinya.

"Kaset ya lalace, Baba. Waɗannan na samo a Gwiwa."

Fuskarsa ta washe. Ya kwance tsumman, ya shinshina takardun, ya danna gefensu da yatsan nan nasa karkatacce ya saki. Bai ma kai su kusa da ido ba. Ya sake saki. Sai ya zaro ɗaya ya shafa bayanta da tafin hannu, ya zaro wata ya shafa. Murmushin ya tafi.

"Ni ina danna fensir," ya ce a hankali. "Takardata in kin shafa bayanta za ki ji sawu. Waɗannan sumul suke. Ina nawa?"

Ta faɗa masa, tun daga gara har gindin ɗorawa. Ta zaci zai yi faɗa. Sai ya rufe ido ya jingina, kafaɗunsa suka fara rawa, ta ɗauka kuka yake yi, ashe dariya ce marar sauti.

"Inno ke nan. Allah ya saka mata. Ta yi daidai da abin da ta sani."

"Baba, ni na rubuta a littafi cewa kai kaɗai ka zana." Muryarta ta fito da ƙarfi fiye da yadda ta so, ta sassauta. "Tun ina yarinya haka nake faɗa wa mutane. Na ji kunya yau, kuma na ji haushinka."

Rediyo ya shiga sanarwar ɗaurin aure, tsohon ya miƙa hannu ya lalubi maɓallin ya kashe.

"Mutumin da ya ɗauka mana a Kano ya ce wurin suna layi ɗaya ne, wa za a sa? Na ce a sa nawa, in na dawo zan yi wa Julius bayani. Na dawo ban yi ba. Da ɗan jarida na farko ya zo ya ce, Malam, an ce kai kaɗai ka yi, sai na ji daɗin maganar na yi shiru. Na biyu ya zo, ni da bakina na faɗa. Daga nan kuma ta fi ƙarfina." Ya shafa takardar da ke hannunsa. "Ban taɓa ƙirga su ba sai yau. Uku nasa, ɗaya nawa."

"Musaddiƙ ya ce yaranmu za su iya cike gurbin."

"Za su iya zana ƙadangare. Jangwada na farko kuwa mutum biyu ne suka san yadda yake ɗaga kai, ɗaya ya makance." Ya dafa hannun kujera ya miƙe. "Motarki tana waje?"

Shagon Baba Julius rumfar kwano ce a jikin katangar tasha, tsakanin mai faci da mai sayar da rake. Aikin allo ya ja baya tun da injin buga manyan hotuna ya shigo gari, amma har yanzu masu motocin haya sun fi yarda da hannunsa. Sun same shi a kan benci yana rubuta sunan wani kantin magani a farin allo. Matarsa Dinatu tana gefe tana juya masara a kan gawayi. Ita ta fara ganinsu, ta miƙe tana goge hannu a zane, ta dubi mijinta.

Julius ya ɗago, ya gyara tabarau. Ya kalli motar da ta tsaya, ya kalli mutumin da ake riƙe wa hannu yana tsallake kwata.

"Malam Zaharadeen. Yau birki ya kama?"

"Ya kama, Julius. Ina wuni?"

Suka gaisa, doguwar gaisuwa, har da tambayar 'ya'ya da jikoki da sunayensu, abin da ya ba Mu'minat mamaki, don kowannensu ya san na ɗan'uwansa. Dinatu ta kawo kujerar roba. Mu'minat ta durƙusa ta gaishe su, sannan ta ajiye ɗaurin takardu a kan bencin, nesa da gwangwanin fenti.

Julius ya goge yatsunsa da tsumma ɗaya bayan ɗaya kafin ya taɓa. Ya saki gefen takardun, ƙadangaren ya yi tafiyarsa mai ɗingishi. Ya sake. Ya kai takarda ɗaya daf da tabarau ya daɗe yana kallon kusurwar ƙasa.

"Ina ginshiƙan?"

Mu'minat ce ta ba da labarin a karo na uku. Da ta zo kan alwalar Goggo, Dinatu ta rufe baki da hannu. Julius ya girgiza kai.

"Inno tana nan da ranta? Matar nan ta ciyar da ni wata tara, ba ta taɓa barin in wanke kwano ba."

"Julius," in ji Malam Zaharadeen, "na zalunce ka. Na san na yi tun ranar, kuma na bar shi ya kwana shekara talatin. Ka yafe mini. Yarinyar nan za ta gyara littafi, ni kuma zan faɗa da bakina ranar taro."

Julius bai ɗago ba. Yana ta daidaita gefen takardun a kan gwiwarsa.

"Ya yi mini ciwo," ya ce. "Ba zan ɓoye maka ba. 'Ya'yana sun tashi suna kallon Jangwada, na ce musu da hannuna a ciki, suka ɗauka wasa nake yi. Sai na daina faɗa." Wata motar garin Babura ta fito daga tasha tana hon, ya jira ta wuce. "Na yafe tun tuni, don in samu in yi barci. Amma na so ka tsaya ko sau ɗaya."

"Ga ni na tsaya."

"Na gani. Idon fa?"

"Saura kaɗan. Ina so in ga fim ɗin nan kafin ya rufe. Ba mai mai da ginshiƙan sai kai."

"Guda nawa?"

"Ɗari bakwai da 'yan kai," in ji Mu'minat. "Sati uku ya rage, Baba. In ya yi yawa, yaranmu za su taya ka da inuwa da gogewa."

Julius ya dubi allon kantin maganin da ya rubuta rabi, ya dubi matarsa. Dinatu ta ce, "Zan gaya wa mai kantin ya dawo wani watan. Ba a kansa aka fara jira ba."

Ya tashi ya shiga cikin rumfar, ya fito da gilashin taga guda da farar takarda da guntun fensir. Ya jingina gilashin a jikin benci ta inda ranar yamma take dukansa, ya ɗora takarda ta huɗu da ta shida, ya rufa farar a kai. Layukan biyu suka bayyana ta ciki, a ta huɗu kan ƙadangaren yana ƙasa, a ta shida ya fara sauka. Ta biyar, inda kan ya kai ƙololuwa, ita ce babu. Ya fere fensir da reza, ya kai hannu, sai ya tsaya.

"Ban taɓa zana ginshiƙi ba," ya ce. "Kuma kai ma ba da ka kake zana su ba. Ka manta? Ni nake kifa ciki a tabarma ina yi maka ƙadangare, ina dira hannu ina gyaɗa kai, kai kana kallo kana zanawa. Wata tara, har gwiwar hannuna ta yi kanta."

"Ban manta ba."

"To ni ma sai na gani zan iya."

Mu'minat ta buɗe baki za ta ce akwai hotunan ƙadangaru a waya, ko kuma a bari sai an je ofis. Bakin tasha ne, ana ta sauka daga motoci, mai faci da mai rake sun riga sun bar aikinsu suna kallo, kuma babu wanda bai san fuskar mahaifinta ba a garin nan. Ta dubi Baba Julius. Babu alamar wasa a fuskarsa, babu kuma mugunta. Fensir kawai ya riƙe yana jira.

Malam Zaharadeen ya cire hularsa ya miƙa mata. Ya tattare babbar rigar ya zare ta ta ka, ya miƙa mata ita ma. Dinatu ta jawo tabarmar da take zama a kai ta shimfiɗa a gaban bencin. Ya durƙusa a hankali, gwiwa ɗaya sannan ɗayar, ya lalubi ƙasa ya kafa tafukan hannunsa, ya ɗaga kai sama.

"Haka?"

"Ƙara ɗagawa," in ji Julius. "Yawwa. Tsaya a nan, kada ka motsa."

Ya fara zanawa.